Tambayoyi da Amsoshi Kan Ajin Turanci na Intanet: Abin da Malam Ke Bukata da Yadda Ake Ba da Maki

Wannan bayani na ɗaliban aji biyu da aji uku na babbar sakandare ne da nake koyar wa Turanci ta intanet, da iyayensu da masu riƙonsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ba sa ƙarewa: duk farkon zango sai sun dawo, wani lokaci daga bakin yara, wani lokaci daga bakin iyaye. Na tattara su wuri guda, na amsa kowacce gwargwadon nauyinta. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Malam, makin da kake bayarwa yana shiga sakamakon WAEC ko NECO?

Ba ya shiga. Makarantar da ɗalibi ya yi rajistar jarrabawa da ita ce ke tura makin gwaje-gwajensa ga hukumar jarrabawa, ba ni ba. Makina awo ne kawai: yana nuna wa yaro da iyayensa inda yake a yau, da abin da zai iya samu idan aka zaunar da shi gobe a zauren jarrabawa.

Wannan ne ma ya sa nake da ƙarancin hannu wajen maki. Jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar, wato sakamakon C6 zuwa sama a darussa biyar, kuma a yawancin kwasa-kwasai dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Yaro zai iya cin Kimiyyar Halittu da Kemistiri da kyau, amma D7 guda a Turanci, wadda ba ta kai kiredit ba, ta zaunar da shi gida shekara guda. Gara ya ga D7 ɗin a hannuna tun da sauran watanni a gyara, da ya gan ta ranar da sakamako ya fito.

Yaya ake raba makin zango?

Maki 100 ne. Jarrabawar ƙarshen zango tana ɗaukar 60, sauran 40 kuma ana tara su ne cikin zango, kamar yadda makarantu da dama suke yi. A cikin 40 ɗin nan, insha'i na da 20, gajerun gwaje-gwajen mako suna da 10, sauran 10 kuma na magana ne da karatu a bayyane, ko dai a darasin kai tsaye ko ta saƙon murya.

Za a lura insha'i ya cinye rabin makin cikin zango. Da gangan ne. Gwajin zaɓi-ka-cike yana da sauƙin canka, kuma a intanet yana da sauƙin tambayar na kusa. Rubutu shi ne yake tona asirin abin da mutum ya iya. A gwaje-gwajen mako, nakan jefar da mafi ƙarancin maki guda ɗaya kafin in haɗa lissafi, saboda kowa yana da ranar da ba tasa ba.

Mene ne ma'anar A1, C6 da F9 da muke gani a katin sakamako?

Ina amfani da ma'aunin da makarantun sakandare suka saba da shi. A1 daga 75 zuwa 100. B2 daga 70 zuwa 74, B3 daga 65 zuwa 69. C4 daga 60 zuwa 64, C5 daga 55 zuwa 59, C6 daga 50 zuwa 54. D7 daga 45 zuwa 49, E8 daga 40 zuwa 44, duk abin da ya gaza 40 kuma F9 ne. Kiredit yana tsayawa ne a C6. D7 da E8 ana kiransu cin jarrabawa, amma ba su kai kiredit ba, kuma ba su ake nema wajen shiga jami'a ba.

Wanda ya samu 49 da rabi zan mayar masa 50. Wanda ya samu 48 yana nan a 48.

Na rubuta insha'i mai tsawo, na kawo hujjoji masu kyau, amma na samu 22 cikin 50. Ina makina ya tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce zuwa, kuma amsarta na bukatar a zauna.

A takardar Turanci ta biyu ta WAEC, insha'i yana da maki 50, kuma ana son ɗalibi ya rubuta kalmomi kimanin 450. Mai dubawa ba ya kallon rubutun ya ce "wannan ya yi kyau" ya dangwala maki. Gida huɗu ake raba shi, ni ma haka nake yi. Ƙunshiya, wato abin da aka faɗa, 10. Tsari, 10. Salon bayani da zaɓen kalmomi, 20. Kiyaye ƙa'idojin rubutu da nahawu, 10.

Hujjojinka masu kyau suna cikin gidan farko ne, kuma gidan nan duka-duka 10 ne. A ce ka samu 7. A gidan tsari ana duba ko ka san irin rubutun da aka tambaye ka. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma tana da adireshi biyu, da kanun magana, da irin rufewarta; wasiƙa zuwa ga ƙaninka ba ta da su. Jawabin muhawara yana farawa da gaishe da shugaban taro da alƙalai da bayyana ɓangaren da ka tsaya. Maƙalar jarida tana da take da sunan marubuci. Idan aka ce ka rubuta maƙala ka rubuta wasiƙa, ka zubar da maki tun kafin a karanta jimlarka ta farko. Haka nan idan ka zubo shafi biyu babu sakin layi ko ɗaya.

Gida na uku shi ne babba, kuma nan ɗalibai suka fi yi wa kansu illa da hannunsu. Akwai masu ganin Turanci shi ne manyan kalmomi, sai su haddace wasu daga ƙamus su riƙa cusa su ko sun dace ko ba su dace ba. Mai dubawa ba ya jin tsoron babbar kalma. Abin da yake nema shi ne jimla mai tsabta, kalmar da ta zauna a mazauninta, da harshen da ya dace da wanda ake yi wa rubutu: ba a yi wa kwamishina magana kamar yadda ake yi wa aboki. Jimloli gajeru masu lafiya sun fi doguwa guda da ta ɓace a tsakiyar hanya.

Sai gida na huɗu, wanda shi ne mai zafi. Kowane kuskure na nahawu, ko na rubuta kalma, ko na aya da waƙafi, ko na babban baƙi da ƙarami, yana cin rabin maki. Lissafin ba wuya: kuskure 20 sun share gidan gaba ɗaya. Ɗalibai da yawa suna ƙare makin nan kafin su gama shafin farko. Shi ya sa za ka ga da'irori ja a takardarka; kowace da'ira rabin maki ce da ta tafi. Idan ka samu 7 a ƙunshiya, 6 a tsari, 9 a bayani, sifili a ƙa'idoji, ga 22 ɗinka nan.

Tsawo kuma ba ya ƙara maki. Wanda ya rubuta kalmomi 700 bai samu lada ba, ya dai buɗe wa kurakurai ƙofa. Wanda ya tsaya a 250 kuma nakan rage masa iyakar makin da zai iya samu a gidan ƙa'idoji, don kada gajeren rubutu ya zama mafaka.

To me ya sa ba ka gyara mini kurakuran, sai dai ka zagaye su?

Domin idan na gyara, ni na koya, ba kai ba. A gefen kowace da'ira ina sa alama mai nuna irin kuskuren: na lokacin aikatau ne, ko na dacewar aikau da aikatau, ko na rubuta kalma. Aikinka ne ka nemo daidai. Inda na ga abin ya fi ƙarfinka, zan turo maka saƙon murya in yi bayani. Kowane ɗalibi ya tanadi littafi guda na kurakuransa. Bayan wata guda za ka tarar ba kurakurai ɗari kake yi ba, guda biyar ko shida ne kake ta maimaitawa.

Ajin intanet ne, me ya sa ake sa mu rubutu da biro a takarda mu ɗauki hoto?

Dalili biyu. Na farko, waya da kwamfuta suna gyara wa mutum rubutun kalma ba tare da ya sani ba, har su sa masa babban baƙi a farkon jimla. Ina so in ga abin da ke kanka, ba abin da ke cikin wayar ba. Na biyu, ko a 2024 da WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zaman kansu, tambayoyin zaɓi ne aka amsa a kwamfuta, insha'i kuwa a takarda aka rubuta shi. Hannun da bai saba rubuta kalmomi 450 cikin minti 50 ba zai gaji a rabin hanya.

A ɗauki hoton da rana, a wuri mai haske, shafi ɗaya hoto ɗaya, suna da kwanan wata a saman kowane shafi. Hoton da ban iya karantawa ba zan mayar da shi, kuma ba zan ɗauke shi a matsayin an makara ba idan aka sake turowa a ranar.

Na kwafo amsar taƙaitawa daidai yadda take a cikin nassin, amma ka ba ni sifili. Ba daidai ba ce?

Wurin da ka nuna daidai ne, amma ba abin da aka tambaye ka ke nan ba. Sashen taƙaitawa yana da maki 30, ya fi na auna fahimta mai 20, kuma abin da ake gwadawa shi ne ko za ka iya ɗauko gundarin magana ka faɗe shi da kalmominka, cikin cikakkiyar jimla, ba tare da misalai da ƙarin bayanin da marubuci ya jibga ba. Ɗauko jimla ɗungurungum daga nassi yana nuna ka gano inda amsar take, bai nuna ka fahimce ta ba. Idan an ce jimla uku, a ba da uku. Wanda ya cusa amsa biyu cikin jimla guda, ko ya bar wutsiyar misali tana jan ƙasa, zai rasa wani abu.

Yaya ake ba da makin magana, alhali harshenmu ya riga ya karye da Hausa?

Ba na ba da maki don mutum ya yi magana kamar ɗan Ingila, kuma ba na cire maki don an ji Hausa a bakinsa. Abin da nake saurare shi ne ko za a gane abin da ka faɗa, da ko kana ƙoƙarin bambance sautukan da muka yi darasi a kansu. Bahaushe yakan haɗa p da f, har pan da fan su fito iri ɗaya. Yakan saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, saboda Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu. Sautin th ma yakan koma s ko z. Waɗannan ba abin kunya ba ne, kowace al'umma da nata. Amma takarda ta uku ta WAEC a Najeriya tambayoyi 60 ce a kan sautuka, da amo, da inda ake danna murya a kalma da jimla, kuma ba da baki ake amsa ta ba. Wanda kunnensa bai taɓa jin bambancin ba, canka kawai zai yi.

Duk mako kowa zai turo saƙon murya na minti ɗaya zuwa biyu yana karanta sakin layin da na zaɓa. Wanda ya turo, ya kuma gyara abin da na nuna masa a makon da ya wuce, yana samun makinsa ko da furucin bai kammala ba. Kuma doka ce: wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya a aji saboda furuci, zan fitar da shi daga darasin ranar.

An ɗauke wuta, wayata ta mutu, ko data ta ƙare. Za a cire mini maki don na makara?

Duk muna ƙasa ɗaya, na san halin da ake ciki. Kowace jinga ina ba da ita kwana biyar kafin ranar karɓa, kuma bayan ranar akwai ƙarin kwana biyu da ba na cire komai, ba na ma tambayar dalili. Bayan nan, kowace rana tana cin kashi ɗaya cikin goma na makin jingar. Idan mako ya cika, zan duba in nuna kurakurai, amma babu maki.

Abin da nake roƙo shi ne a yi magana da wuri. Saƙon tes ba ya bukatar data. Rashin lafiya, rasuwa, tafiyar dole, wayar da aka sace: iyaye su sanar da ni, mu sa sabuwar rana. Abin da ba na karɓa shi ne ɗalibi ya ɓace makonni uku, sannan ya bayyana daren jarrabawa da jinga huɗu da labari mai tsawo. Tun da a takarda ake rubutun, rashin caji ba ya hana yin aiki, turowa kawai yake hanawa.

Dole ne in halarci darasin kai tsaye? Dole ne in kunna kyamara?

Darasin kai tsaye sau biyu ne a mako, da yamma. Ana naɗar kowanne, in kuma turo muryar kaɗai don masu ƙarancin data. Wanda lokacin ya ci karo da Islamiyyarsa, ko yake taya iyayensa a shago ko gona, ko wayar gidan ɗaya ce kuma tana hannun mahaifi sai dare, ya saurari naɗin ya amsa tambayoyi uku da nake sawa a ƙarshe. Wannan ya wadatar. Ba na ba da maki don sunan mutum ya bayyana a allo yana can yana wani abu.

Kyamara ba dole ba ce, ga mata da maza duka. Akwai gidajen da ba sa so, kuma bidiyo yana shan data. Murya dai dole ce: idan na kira sunanka, ina so in ji ka. Wuri ɗaya ne nake neman kyamara, wato jarrabawar ƙarshen zango, kuma can ma ana iya saita ta ta nuna hannu da takarda kawai, tare da babba guda a ɗakin.

Za mu iya yin tambaya da Hausa?

Ku yi. Tambayar da aka yi da Hausa ta fi wadda aka haɗiye. Ni ma nakan koma Hausa idan zan warware ƙa'ida mai sarƙaƙiya. Amma amsa da aikin da za a ba wa maki, da Turanci.

Malam, laifi ne in yi amfani da ChatGPT ko in duba amsa a Google?

Ya danganta da abin da ka sa shi ya yi maka. Duba ma'anar kalma, sauraron yadda ake furta ta, neman ƙarin bayani a kan ƙa'idar da ba ka gane ba, karanta labarai don ka samu abin faɗa a muhawara: duk na yarda, har ma ina ƙarfafa ku. Abin da na hana shi ne na'ura ko mutum ya rubuta maka jimlolin da za ka sa sunanka a kai. Wannan ya haɗa da ka rubuta da Hausa ka sa manhaja ta fassara, da ka ba ta rubutunka ta goge kurakuran kafin ka kwafe a takarda, da kwafar insha'in da aka haddace daga littattafan tsofaffin tambayoyi.

Wasu suna tambaya yadda nake ganewa. Ba na dogara da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura, domin suna yin kuskure, kuma ba zan tuhumi yaro a kan shaidar da ba ta tsayuwa ba. A makon farko kowa yana rubuta mini shafi guda a gabana, a darasin kai tsaye, kuma ina ajiye shi. Na san muryar kowa a rubuce. Idan yaron da jiya yake fama da was da were ya turo mini shafi biyu babu tabo, cike da kalmomin da bai taɓa furtawa ba, ba zan ce masa ɓarawo ba. Zan kira shi a waya, minti biyar. In tambaye shi ma'anar kalma biyu da ya yi amfani da su, in ce ya faɗa mini da Hausa abin da sakin layi na uku yake nufi, in tambayi dalilin da ya sa ya fara da wannan hujja ba waccan ba. Wanda ya rubuta abinsa yakan amsa har da ƙari. Idan ya amsa, makinsa na nan cif, kuma zan yaba masa a gaban aji.

Idan ta tabbata ba aikinsa ba ne, karon farko sifili ne a jingar, da damar sake rubuta wata a gabana don rabin maki, kuma maganar tana tsakanina da shi. Karo na biyu sifili ne babu sakewa, kuma zan kira iyaye. Karo na uku sai mu zauna mu duba ko akwai amfanin ci gaba da biyan kuɗin ajin. Idan biyu suka turo aiki iri ɗaya, da mai kwafa da wanda aka kwafa duka abin ya shafa.

Ba mugunta ba ce. Najeriya tana da dokar hukunta satar jarrabawa tun 1999, kuma duk shekara hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon ɗalibai saboda zargin maguɗi. Amma ko babu doka, lissafin a fili yake: yaron da na'ura ta yi wa insha'i goma ya shiga zaure bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni mahaifiya ce, na yi karatu. Zan iya taimaka wa 'yata da jingarta?

Hajiya, taimakonku abin so ne, sai dai a san inda za a tsaya. Ku tambaye ta me aka ce ta rubuta, ku tattauna batun da ita, ku sa ta karanta muku abin da ta rubuta da ƙarfi. Sau da yawa kunnenta zai kama abin da idonta ya tsallake. Kuna iya ce mata "akwai kuskure a layin nan, nemo shi". Amma kada ku karɓi biron, kada kuma yayanta da ke jami'a ya zauna ya tsara mata. Idan aikin ya zo mini a wanke, zan ɗauka ta iya, in wuce gaba, ramin kuma yana nan.

Babban taimakon da ya fi wannan shi ne a ba ta wayar a lokacin darasi, a kuma ɗauke mata aike da wanke-wanke na awa ɗaya.

Ina ganin an zalunce ni a maki. Me zan yi?

Ka jira kwana ɗaya, ka sake karanta takardar da bayanan da na rubuta. Idan har yanzu kana ganin haka, ka rubuto mini cikin mako guda, ka nuna wurin: gida kaza, layi kaza, ga dalilina. "Malam, ka ƙara mini" ba ƙorafi ba ne. Kuskuren haɗa lissafi ana gyara shi nan take. Idan saɓanin a kan hukunci ne, zan cire sunanka daga takardar in ba wani malamin Turanci ya duba, kuma abin da ya bayar shi zai zauna, ko ya hau ko ya sauka. Babu ɗalibin da zan riƙe a zuciya don ya nemi a sake duba masa.

Malam, yaron nan yana ƙoƙari, kuma mun biya kuɗi. Ba za a taimaka a ɗaga masa zuwa C6 ba?

Alhaji, na san daga ƙauna wannan roƙo yake fitowa, kuma na san kuɗin makaranta da na data ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Amma abin da kuka biya shi ne a koyar da shi, a kuma gaya muku gaskiyar inda yake. Idan na rubuta C6 a inda D7 take, ku za ku saki jiki, shi ma ya saki, kuma mai dubawa na WAEC bai san ni ba, bai san ku ba. Ƙoƙarinsa ba ya ɓacewa: yana cikin makin magana, yana cikin damar sake rubutu, kuma ina rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayanin da ke ƙasan katin. Abin da zan iya yi, kuma nake yi da farin ciki, shi ne in zauna da ku a waya in nuna muku abubuwa biyu ko uku da in ya gyara za su haye da shi.

Kyauta kuma, ko ta katin waya ce, ina roƙon a bari har ɗalibi ya gama ajin.

Akwai damar sake rubuta insha'in da na faɗi?

Akwai, sau biyu a zango. Ka gyara bisa alamomin da na sa, ka turo tsohon da sabon tare cikin mako guda, in haɗa makin biyu in raba. Sake kwafewa da kyakkyawan rubutu ba gyara ba ne.

Yaya ajin yake a watan azumi da lokacin Sallah?

A azumi darasin kai tsaye yana komawa safiyar Asabar da Lahadi, kuma ina taƙaita shi. Goman ƙarshe babu sabon insha'i. Makon Sallah hutu ne, haka ma Kirsimeti da Ista ga kowa, kuma ba na sa ranar karɓar jinga ta faɗa Juma'a da rana. 'Yan aji uku dai su sani cewa idan jarrabawa ta matso, hutunsu zai fi na sauran gajarta.

Ina zaune a Maraɗi, ɗan'uwana kuma yana Kumasi. Ajin zai yi mana amfani?

Na Kumasi WASSCE, wato jarrabawar WAEC ta kammala sakandare, zai rubuta kamar 'yan Najeriya, domin Ghana na cikin ƙasashe biyar na WAEC tare da Najeriya, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Bambancin da zai kula da shi yana takarda ta uku, wadda a Ghana ta sauraro ce. Kai kuma da ke tsarin Faransanci, inda ake ba da maki bisa 20, nahawu da karatu da magana za su amfane ka, amma ban tsara ajin don jarrabawarku ba. Idan kana so, zan rubuta maka makinka bisa 20 a gefen na 100, don iyayenka su gane.

Ajin yana shirya mu don JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a?

Rabi da rabi. Turanci dole ne ga duk mai rubuta JAMB, kuma abin da muke yi na nahawu, ma'anar kalmomi, auna fahimta da sautuka duk yana fitowa a can. Amma JAMB ba ta da insha'i, a kwamfuta ake yin ta, kuma gudu take so. Tana kuma sa littafin labari da take sauyawa lokaci zuwa lokaci. 'Yan aji uku muna ware musu makonni kafin jarrabawar don atisayen amsa tambayoyi da agogo, kuma makin atisayen ba ya shiga katin zango.

Mu kuma me za mu sa rai daga wurinka?

Insha'i zai dawo muku cikin mako guda da alamomi da bayani, gwajin mako kuma cikin kwana biyu. Kafin kowace jinga za ku san yadda za a raba makinta. Ba na sanya makin kowa a zauren WhatsApp na aji. Kowa nasa yake gani, shi da iyayensa. Idan zan yi amfani da rubutun wani a matsayin misali, sai na cire suna, na kuma nemi izininsa.

Saƙonni ina amsa su daga bayan La'asar zuwa ƙarfe tara na dare, Litinin zuwa Asabar. Wanda ya turo bayan haka zai ji ni washegari. Ɗalibai mata da ke son magana da ni a keɓe, a sa uwa ko uba ko yaya a cikin tattaunawar. Wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba sai an roƙa ba. Iyaye kuma za su samu katin sakamako sau biyu a zango, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, kuma duk wanda makin ɗansa ya sauka ƙasa da 45 a na tsakiya, ni zan fara kiransa.